RAHOTON MUSAMMAN: Ɓoyayyiyar al'umma a ƙarƙashin teku: Labarin da ya raba kan masu karatu, da abin da ya haɗa shi da Bauchi

Tsakanin birnin Bauchi da gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar sama da kilomita 600, ko da a miƙe aka auna. Ruwa mafi faɗi da yawancin mutanen garin suka saba gani shi ne na madatsar Gubi da ke shayar da birnin, sai kogin Gongola ga matafiya. Don haka duk wanda ya ji an haɗa sunan Bauchi da labarin wata al'umma da ke ɓoye a ƙarƙashin teku, yana da hujja idan ya tambaya: me ya haɗa kifi da kaska?

Abin da ya haɗa su ya wuce yadda ake zato. Ƙasar da ke gabas da Bauchi ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Ɗan garin ne ya rubuta ɗaya daga cikin ƙagaggun littattafan Hausa biyar na farko a boko. Garin yana da jami'ar fasaha, yana kuma da tsohuwar al'adar muhawara. A gefe guda, labaran da ake kira ƙagaggun labaran kimiyya sun daɗe da daina zama abin nishaɗin Turawa kaɗai, domin suna shigowa hannun matasa ta fina-finai da littattafan da ake saukewa a waya. Tambayoyin da suke tayarwa kuwa, game da arzikin da ke ƙasan ruwa da wanda ke da iko da shi, su ne yanzu suke kan teburan wasu ma'aikatu a Abuja.

Littafin da ya tayar da ƙura

Cikin littattafan wannan fanni da suka yi fice a shekaru 20 da suka wuce akwai *Der Schwarm* na marubucin Jamus Frank Schätzing, wanda ya fito a 2004, aka fassara shi zuwa Turanci a 2006 da sunan *The Swarm*. Shafukansa na Jamusanci sun kusa 1,000, an kuma sayar da miliyoyin kwafe.

Labarin ya fara ne da ɓacewar wani masunci a gaɓar ƙasar Feru. Daga nan sai kifayen wel, manyan dabbobin nan na teku masu shayarwa, suka fara farfasa jiragen 'yan yawon buɗe ido a gaɓar Kanada. A tekun Norwe, ma'aikatan kamfanin mai suka tarar da wasu baƙin tsutsotsi suna cin ƙanƙarar gas da ke riƙe da gangaren ƙasan teku, har gangaren ya zaftare, igiyar sunami ta share garuruwan bakin ruwa a arewacin Turai. A Faransa manyan jatan lande suka zama guba, a Amurka ƙaguwoyi suka fito tudu ɗauke da annoba. Da masana suka haɗa waɗannan aukuwa wuri guda, sai suka gane cewa akwai mai kitsa su: wata halitta mai hankali da suka raɗa wa suna Yrr, wadda ta riga ɗan Adam zama a duniya da miliyoyin shekaru, ta kuma gaji da dattin da yake zuba mata.

Hikimar marubucin ita ce bai ba wannan al'umma fada ko sarki ko ganuwa ba. Ƙananan halittu ne masu ƙwayar rai ɗaya tak, waɗanda idan suka cure wuri guda sai su zama ƙwaƙwalwa ɗaya mai tunani da tuna baya. Kuma ya gina ƙaryarsa a kan tubalin gaskiya. Ƙanƙarar gas tana nan a ƙasan tekuna, har da gaɓar yankin Neja Delta. An gano tsutsar da ke rayuwa a jikinta a mashigin tekun Meziko a 1997. Zaftarewar da ya kwatanta ta taɓa faruwa a wurin da ake kira Storegga, kimanin shekaru 8,200 da suka wuce, kuma har yau ana ganin yashin da ambaliyarta ta bari a Sikotilan. Watanni kaɗan bayan fitowar littafin, a ranar 26 ga Disamba, 2004, sunami ta afka wa ƙasashen tekun Indiya ta kashe sama da mutum 220,000. Daga ranar mutane suka daina karanta shi a matsayin tatsuniya zalla.

Inda aka rabu

Ra'ayoyin masu karatu a kan littafin sun fi karo da juna a wurare uku.

Na farko shi ne tsawonsa. Masu yabo suna ganin sun shiga labari sun fito da ilimin da ba su samu a aji ba, game da yadda igiyoyin ruwan ɗumi ke daidaita yanayin Turai da yadda ake haƙo mai a zurfin teku. Masu suka kuwa na cewa sau da yawa marubucin yakan ajiye labarin gefe ya hau kan allo, sai a ga masana biyu suna yi wa juna bayanin abin da dukkansu sun riga sun sani, don kawai mai karatu ya ji. A ganinsu, mutanen cikin littafin ba su samu kulawar da tsutsotsi suka samu ba.

Na biyu shi ne rabon laifi. A rabin ƙarshe na labarin, wata janar ta sojan Amurka da wani jami'in leƙen asirin ƙasar ne suka shirya kashe halittun da guba a asirce, alhali sauran masana na neman hanyar magana da su. Littafin ya fito ne shekara guda bayan mamayar Iraƙi ta 2003, lokacin da ra'ayin jama'ar Jamus ya yi tsami game da Washinton. Wasu na ganin marubucin ya faɗi gaskiyar yadda manyan ƙasashe ke tunkarar abin da ba su fahimta ba. Wasu na ganin ya bi hanya mai sauƙi ne, ya ɗora wa baƙo laifin da kowa ke da kaso a ciki.

Na uku, wanda ya fi zurfi, shi ne ƙarshen labarin. Ɗan Adam bai ci yaƙin ba. An dai samu hanyar isar wa halittun da alamar zumunci, suka tsagaita, ba tare da wani alkawari ba. Shafukan ƙarshe kuma sun nuna addinai cikin ruɗani, saboda an wayi gari mutum ba shi kaɗai ne mai hankali a doron ƙasa ba. Wanda ya saba da labarin da jarumi ke dawowa gida da ganima yakan rufe littafin ransa a dagule. Mai karatu Musulmi ko Kirista kuwa, a Bauchi yake ko a Abuja, nan ne zai tsaya ya yi wa marubucin tambaya. Shi kansa Schätzing bai tsira daga saɓani ba: da aka mayar da littafin wasan talabijin a 2023, ya fito fili ya nesanta kansa da aikin.

Da labarin ya iso Legas

Najeriya ma tana da nata. A 2014 Nnedi Okorafor ta fitar da *Lagoon*, inda wasu baƙi daga wata duniya suka sauka cikin tekun Legas suka yi masauki a ƙarƙashinsa, suka aiko da jakadiya mai suna Ayodele. Mutum uku ta fara haɗuwa da su a bakin ruwa: Adaora, masaniyar halittun teku, Agu, soja, da Anthony, mawaƙi ɗan Gana. Marubuciyar ta bayyana cewa fushin da ta yi da fim ɗin *District 9* na 2009, wanda ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙi, yana cikin abin da ya sa ta ɗauki alƙalami. Tsofaffin ma'aikatan Ma'aikatar Yaɗa Labarai za su tuna cewa ministar lokacin, marigayiya Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna wannan fim.

Littafin ya buɗe da wani kifi mai takobi a baki yana huda bututun jirgin mai don ramuwar gayya. Shugaban ƙasar da ke cikin labarin kuma yana jinya a Saudiyya, an bar ƙasa ba a san mai riƙe da ita ba, abin da duk wanda ya yi aiki a Abuja tsakanin ƙarshen 2009 da farkon 2010 zai gane inda aka dosa. A nan ma kan masu karatu ya rabu. Wasu sun ji daɗin yadda aka bar 'yan Legas suna magana da Turancin buroka, wasu, musamman na waje, sun ce ya hana su bin zaren. Wasu sun yaba da yadda aka ba jemage da gizo-gizo da ita kanta hanyar mota baki, wasu sun ce muryoyin sun yi yawa har labarin ya tarwatse. Akwai kuma waɗanda ba su ji daɗin yadda aka zana wani malamin coci a matsayin maci amana ba.

Littafi na uku da ya kamata a ambata shi ne *The Deep* na Rivers Solomon, na 2019. Al'ummarsa ta ƙarƙashin teku zuriyar mata masu ciki ce, 'yan Afirka, waɗanda fataken bayi suka jefa ruwa daga jiragensu. Tushen wannan ma gaskiya ne: a 1781 ma'aikatan jirgin Ingila mai suna Zong sun jefa bayi sama da 130 cikin teku don su karɓi kuɗin inshora. Wanda ya karanta *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ga yadda fataucin bayi ya raba uwa da ɗa ta hanyar Sahara, ba zai ji wannan labari baƙo ba. Hamada ce a can, teku ne a nan, amma ciwon ɗaya ne.

Tsohon zance a wurin Bahaushe

Zancen mutanen da ke zaune a ƙasan ruwa ya girmi boko a ƙasar Hausa. Yaro yakan taso da gargaɗin kada ya je rafi da tsakar rana ko da almuru saboda 'yan ruwa. A bori akwai Sarkin Rafi, akwai kuma Jangare, birnin iskoki da ido ba ya gani amma yana da sarki da alƙali da fadawa. A kogunan Binuwai da Neja akwai ayu, dabbar ruwa mai shayarwa da ke leƙowa sama ta shaƙi iska, wadda masana da dama ke dangantawa da asalin labaran rabi mutum rabi kifi. A ɓangaren malamai, Alƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya ambaci mutumin ruwa cikin littafinsa na abubuwan al'ajabi na halitta, haka ma Addamiri, wanda ya rasu a 1405, cikin kundinsa na rayuwar dabbobi.

Amma labarin da ya fi kusa da na Schätzing yana cikin *Dare Dubu da Ɗaya*, wato na Abdullahi masunci da Abdullahi na cikin teku. Wani matalaucin masunci ne tarunsa ya kamo mutumin ruwa, suka ƙulla abota, na tudu yana kawo 'ya'yan itatuwa, na ruwa yana kawo lu'ulu'u. Wata rana na ruwa ya ba shi man wani katon kifi ya shafa, ya iya tafiya a ƙasan teku kamar a sarari. Ya ga birane bayan birane, ya ga mutanen da ba su san tufafi ko kuɗi ba, abincinsu ɗanyen kifi, suna yi masa dariya saboda ba shi da wutsiya. A hanyar komawa suka tarar da ana shagali, ya tambaya ko biki ne, aka ce masa mutuwa aka yi. Da ya bayyana cewa su a tudu kuka suke yi idan an yi rashi, sai abokinsa ya karɓe saƙon da ya ba shi ya kai Madina, ya yanke abotar, bisa hujjar cewa wanda ke kuka don Mai amana ya karɓi amanarsa bai cancanci a ba shi ajiya ba.

Ɗaruruwan shekaru ne tsakanin wannan hikaya da littafin Bajamushen, amma aikinsu ɗaya. Dukkansu sun kai mutum ƙasan ruwa ne don wani ya dube shi daga waje ya auna halinsa. A can an auna shi da mizanin amanar rai, a nan da mizanin amanar ƙasa da ruwa.

Tambayar aƙida da tambayar kimiyya

Mai karatun da ya taso a zauren karatu zai iya cewa ƙirƙiro halittar da ba a gani ba, a ba ta hankali da iko a kan mutum, shiga hurumin da ba na marubuci ba ne. Wannan damuwa tsohuwa ce. Rupert East, wanda ya shirya gasar 1933 da ta haifar da *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* da *Shaihu Umar*, ya rubuta irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su yarda cewa rubuta ƙagaggen labari ba zubar da girma ba ne. Mai amsa masa zai ce Musulmi bai taɓa ɗaukar cewa mutum ne kaɗai mai hankali ba, tunda ya yi imani da mala'iku da aljanu, kuma Suratun Nahli ta tabbatar da cewa akwai halittun da mutane ba su sani ba. Saboda haka girgizar da Schätzing ya zata za ta rushe addinai ta fi shafar tunanin Turai, inda aka daɗe da ɗora mutum a kan gadon mallakar komai. Abin da ya rage a yi hattara da shi shi ne bambance hasashen marubuci da hujjar ilimi, kuma wannan aikin malami ne da iyaye.

Ɗalibin kimiyya kuwa tambayarsa daban ce: shin hakan zai yiwu? Hujjojin da ke gefen marubutan ba su da rauni. Ruwa ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na duniya, matsakaicin zurfin teku ya kai kusan mita 3,700. Zuwa 2024, kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na ƙasan teku aka zana taswirarsa dalla-dalla. Hasken rana yana dusashewa bayan mita 200, ya ƙare gaba ɗaya wajen mita 1,000. Sai a 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka isa wuri mafi zurfi, a ramin Mariyana da ke tekun Fasifik, kusan kilomita 11 ƙasa. Sai a 1977 aka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galafagos, kewaye da halittun da abincinsu ya dogara ga sinadaran da ke fitowa daga cikin ƙasa maimakon hasken rana, abin da ya sa aka sake rubuta littattafan ilimin halittu.

Sai dai hujjojin da ke ɗaya gefen sun fi nauyi. Duk mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu gaba ɗaya, kuma wannan matsi ne ya murƙushe ƙaramin jirgin nutso na Titan da mutum biyar a Yunin 2023. Abinci ya yi ƙaranci a zurfi, ga shi ƙwaƙwalwa mai tunani tana cin abinci da yawa. Uwa uba, wuta ba ta kamawa a ruwa. Inda babu wuta babu maƙeri, inda babu maƙeri babu fartanya balle inji. Shi ya sa birane masu hasumiya da makaman ƙarfe irin na fina-finai, kamar masarautar Talokan da aka nuna a *Black Panther: Wakanda Forever* a 2022, suka fi kusa da tatsuniya. Schätzing ya kauce wa wannan rami ne da ya sa halittunsa suke sarrafa jikin wasu halittu maimakon ƙarfe.

Akwai kuma darasin tarihi da ya kamata ɗan Najeriya ya riƙe. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan tagulla da na yumɓu a Ile-Ife, kyansu ya ruɗe shi, ya shelanta cewa ya gano ragowar Atlantis, birnin da Aflatun ya ce teku ya haɗiye. Ya fi masa sauƙi ya yarda da nutsattsen birni da ya yarda cewa Yarbawa ne suka ƙera su. Labarin ɓoyayyiyar al'umma yana iya buɗe ido, yana kuma iya zama hanyar ƙwace wa mutane aikin kakanninsu.

Tekun da ya janye

Birnin Bauchi kansa yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri, har akwai nau'in dutsen da masana suka raɗa wa suna bauchite saboda garin. Amma da an nufi gabas, ta Alkaleri zuwa Gombe, sai ƙasa ta sauya. Kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce, wani siririn teku ya ratsa ta kwarin Binuwai da Gongola ya bi ta Sahara, ya haɗa mashigin tekun Gini da tekun da ke arewacin Afirka a wancan zamani. Shaidarsa tana Ashaka, wadda take cikin jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro Gombe a 1996: dutsen farar ƙasar da ake yin siminti da shi a can cike yake da ɓawon halittun teku masu nannaɗe kamar ƙahon rago. Gidaje da yawa a Arewa maso Gabas da ragowar wancan teku aka gina su.

A cikin wannan kwari ne kamfanin mai na ƙasa ya sanar da samun mai da gas a rijiyar Kolmani a Oktoban 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da aikin a ranar 22 ga Nuwamba, 2022, a kan iyakar Bauchi da Gombe. Tambayar da littattafan nan ke yi, ta abin da ke biyo baya idan an taɓa abin da ke kwance a ƙasa, ta zama tambayar manomi da makiyayi a Alkaleri.

Abin da ya shafi ma'aikaci a Abuja

A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna suka tsaya, aiki ya gurgunce a ofisoshi, mai shago a kasuwar Wunti da babban sakatare a Abuja suka shiga layi ɗaya na jira. Ranar ce mutane da yawa suka fara sanin cewa albashinsu da cinikinsu suna bi ta ƙasan ruwan da ba su taɓa gani ba.

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853. Tun 2005 ake haƙo mai a filin Bonga, mai nisan kilomita 120 daga gaɓa, a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000, kuma a can ne aka samu malalar kusan ganga 40,000 a Disamban 2011. A Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku da tattalin arzikinsa. A 2024 aka miƙa masa rahoton amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙara wa Najeriya murabba'in kilomita 16,300 na ƙasan teku. A Kingiston ta Jamaika kuma, hukumar duniya mai kula da ƙasan teku tana ta muhawara kan dokokin haƙar ma'adinai a zurfin da ba a gama sanin abin da ke rayuwa a cikinsa ba.

Duk waɗannan suna buƙatar jami'an da za su rubuta takardun shawara, da hadiman da za su taƙaita wa minista ko sanata, da 'yan majalisar da za su amince da kasafi, kuma da yawansu daga jihohin da ba su da gaɓa suka fito. Ƙagaggen labari ba ya maye gurbin rahoton ƙwararru. Amfaninsa shi ne yana sa mutum ya hango wurin kafin a kawo masa fayil, ya kuma saba da tambayar da ba ta cika shiga takardar kwangila ba: idan abin ya ɓaci, wa zai fara ɗanɗana kuɗarsa?

Wa zai rubuta na Hausa?

A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da *Tauraruwa Mai Wutsiya*, labarin yaro Kilba da wani baƙo ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Shi ake yawan ambata a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa. Bayansa kasuwa ta cika da littattafan soyayya da na yaƙi da na aljanu, waɗanda suka riƙe miliyoyin masu karatu, amma hanyar da ya share ba ta samu mabiya da yawa ba. Bambancin a fili yake: a labarin aljanu zobe ne ko laya ke warware matsala, a labarin kimiyya dole marubuci ya san yadda abu ke aiki kafin ya karkata shi.

Kayan aikin kuwa suna nan a gida. Tsohon garin Bussa yana kwance a ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. A Dufuna ta jihar Yobe, wani makiyayi da ke haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000. Tafkin Chadi ya janye ya bar garuruwan masunta a kan yashi. Ruwan ɗumi na Wikki yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse a Yankari dare da rana. Kowanne daga cikinsu ya isa a ɗora masa littafi.

Bauchi ta taɓa haɗa irin mutanen da wannan aiki ke nema. Malam Sa'adu Zungur masanin Alƙur'ani ne, mawaƙi ne, yana kuma cikin 'yan Arewa na farko da suka yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba. Shi da Malam Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suna cikin jigogin majalisar tattaunawa ta Bauchi da aka kafa a 1943, wadda tambayoyinta suka yi zafi har hukuma ta dakatar da ita. Yau Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana yaye masana duwatsu da injiniyoyi a Yelwa da Gubi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji.

Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗakin gwaji da alƙalami. Hukumomin da ke shirya gasar rubutu za su iya ware wa labarin kimiyya rukuni, ma'aikatun ilimi da na kimiyya da na harkokin teku za su iya ɗaukar nauyin fassara da bugu, sassan Hausa na jami'o'i kuma su zauna da takwarorinsu na kimiyya a daidaita kalmomi. Har yanzu mai rubutu da Hausa sai ya yi dogon zagaye kafin ya ambaci ƙanƙarar gas ko gangaren ƙasan teku. Muddin babu kalmomin, muhawarar Kolmani da ta Bonga za ta ci gaba da gudana da Turanci a ɗakunan taro, mutanen da abin zai fara shafa kuma su ji sakamakon daga baya.